Jinjina Ga Masu Riƙon Amanar Tashar Jirgin Ƙasa Ta Bauchi

Dattawan Tirwun da ke Bauchi ba su manta da kukan jirgin ƙasa ba, tun zamanin da layin dogo ya taso daga Kuru, ya ratsa Bauchi da Gombe, ya isa Maiduguri a 1964. Tashar mallakar Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya ce, wadda aka kafa a 1955, amma lafiyarta na hannun ƙananan ma'aikata: leburorin da ke ɗaure ƙarafan dogo cikin zafin rana, mai tsare mahaɗar titi don kada jirgi ya take mutane, da masu gadin dare da ke hana ɓarayi kwance ƙarfe. Jirgi ya yi ƙaranci, amma amanar da ke wuyan waɗannan ma'aikata ba ta ragu ba.