Jinjina ga Maginan Tsohon Birnin Zanzibar

Baƙon da ya isa birnin Zanzibar, hedikwatar tsibiran da ke gabashin Tanzaniya, tsakanin watan Maris da Mayu, zai tarar da masika, wato babbar daminar yankin, wadda ruwanta ke zuba kwana da kwanaki har lungunan tsohon gari su cika. A wannan lokaci ne ake gane darajar maginan gargajiya, domin gidajen tsohon garin, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a 2000, an gina su ne da dutsen murjani da farar ƙasar da ake samu ta hanyar ƙona shi, aka kuma ɗora rufinsu kan azarar itacen da ke tsirowa a bakin teku.

Gwanintar maginan ta dogara ne kan sanin cewa bangon murjani yana shan laima, yana kuma buƙatar ya fitar da ita, saboda haka suke yaɓe shi da farar ƙasa maimakon siminti, wanda ke kulle danshi a ciki har dutsen ya rududduge. Su ne ke toshe tsaga, su gyara indararo, su canja azarar da ta ruɓe kafin ruwa ya sauka. Rushewar wani sashe na Baitul Aja'ib, fadar da Sarki Barghash ya gina a 1883, a Disambar 2020, ta nuna abin da jinkirin gyara ke jawowa. Waɗannan magina sun cancanci girmamawa da tallafin horar da matasan da za su gaje su.