Uban Baftisma Mai Jini a Hannu

'Yan'uwa, wani saurayi a ajinmu na shirin baftisma a Paraku ya taɓa ce mini yana so ya zama kamar Don Corleone, domin mutum ne mai riƙon iyali. Abin ya dame ni, sai na nemi fim ɗin na kalla da kaina. Sunansa The Godfather, wato uban baftisma. Francis Ford Coppola ya shirya shi a Amurka a 1972.

Labarin gida ɗaya ne na 'yan Mafiya, mutanen Sisili ta ƙasar Italiya da ke zaune a New York. Fim ɗin ya fara da bikin auren 'yar maigidan, mabuƙata suna shiga ɗakinsa ɗaya bayan ɗaya, yana share musu hawaye. Duk wanda ya tashi a zangon Paraku ko na Jugu ya san irin wannan zaure, inda maigida ke saukar da baƙo, ya tsaya masa. Shi ya sa samarinmu ke ganin mutumin kamar nasu ne.

Gaskiya, fim ɗin bai ɓoye ƙarshen hanyar ba, wannan kuwa abin yabo ne. An harbe babban ɗan a kan titi. Ƙaramin, Michael, wanda da farko ya nisanci sana'ar gidan, shi ya gaje ta. A ranar da ya tsaya wa ɗan 'yar'uwarsa a baftisma, yana amsa cewa ya ƙi Shaiɗan, a daidai lokacin yaransa suna kashe abokan gabansa. Bayan haka ya sa aka kashe mahaifin jaririn. A kashi na biyu, na 1974, ɗan'uwansa na jini ya sa aka kashe.

Amma ga laifin fim ɗin. Ya nuna mana hawayen masu gida, ya kau da kai daga hawayen talakawan da aka ci dukiyarsu. Ba mu ga mai kanti da ake karɓar kuɗinsa dole ba, balle marayunsa. Sai tufafi masu kyau, da kiɗa mai taushi, da sumbatar hannu. Yaro yakan fito da hoton kwat a zuciyarsa, ya manta da gawa.

Mu a ƙasar Benin ba sai an ba mu labari ba. A watan Agusta na 2003 Shugaba Obasanjo ya rufe iyakar Nijeriya da ƙasarmu saboda fashi da satar motoci. Sunan da ke bakin kowa a lokacin shi ne Hamani Tidjani, ɗan asalin Nijar mazaunin Kwatano, wanda aka zarga da karɓar motocin da aka ƙwace a Nijeriya. Daga baya aka miƙa shi ga hukumar Nijeriya. Kowace mota a cikinsu tana da mai ita, wanda aka nuna wa bindiga. Irin wannan mutum ne fim ɗin ya manta.

A Sisili ma, garin Corleone gari ne na ainihi. Can aka haifi Salvatore Riina, shugaban Mafiya da aka kama a 1993, ya mutu yana ɗaure a 2017. Ɗansa Giovanni ma ɗaurin rai da rai aka yanke masa. Gadon da uba ya bar wa ɗa ke nan. A 1993 ɗin dai, Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya ziyarci Paraku a watan Fabrairu, a watan Mayu kuma ya tsaya a Agrigento ta Sisili ya kira 'yan Mafiya su tuba. A Satumba suka harbe Fada Pino Puglisi a Palermo, domin yana janye yara daga hannunsu.

Ban ce kada a kalli fim ɗin ba. Manya su kalla tare da samari, su tambaye su: ina waɗanda aka zalunta? Mu iyaye kuwa, in za mu zaɓi uban baftisma, mu dubi halinsa kafin aljihunsa. In kuma ɗanmu ya shigo da babur sabo fil ba tare da aikin da muka sani ba, mu tambaye shi inda ya samo shi kafin mu sa masa albarka.