Yashi muke da shi, a kansa ya kamata mu buga

Duk ranar da aka ɗauko zancen ƙwallon raga a majalisarmu ta Wurno, wuri ɗaya hirar take ƙarewa: wai sai gwamnati ta gina mana zauren wasa mai rufi da fitilu kafin yaranmu su yi wani abin kirki. Ni dai wannan kukan ya ishe ni. Da rani ya kama, ruwan gulbin Rima ya ja baya, yashi ne shimfiɗe daga ƙasan madatsar Goronyo har ya wuce mu, haka ma bakin gulbi a Rabah. Tifofi na kwasa suna kai wa magina, mu kuma muna zaune muna jiran siminti.

Ƙwallon raga iri biyu ne, kuma dukansu ana buga su a gasar Olamfik: na zaure tun 1964 a Tokyo, na yashi tun 1996 a Atlanta. Na zaure yana son mutum shida a kowane gefe, da 'yan canji a benci, a fili mai tsawon mita 18 da faɗin 9, ana cin zagaye da maki 25. Sai takalma da daɓe mai kyau, da kuɗin motar tawaga guda idan za a je Sakkwato. Na yashi kuwa mutum biyu ne a gefe, ƙafa ba takalmi, fili mita 16 da 8, maki 21, babu canji. Wanda ya gaji sai ya daure. Yara huɗu da raga da ƙwallo, an gama.

Inda nake da ƙorafi da samarinmu shi ne sun ɗauko dokar zaure sun kai ta kan yashi. Wata la'asar na tarar da mutum takwas-takwas suna turmutsutsu, gardama ta kaure a kan taɓa ƙwallo. A zaure, idan ka yi tsalle ka tare ƙwallo a bakin raga, ba a ƙirga wannan taɓawar, sauranku uku. A yashi ana ƙirga ta, sauranku biyu. Ɗan lallaɓa ƙwallo da buɗaɗɗun yatsu a tsallakar da raga, wanda gwaninta ne a zaure, laifi ne a yashi. Ana kuma sauya gefe duk bayan maki bakwai saboda iska da rana, kuma duk wanda ya taɓa bugawa cikin hunturu yana fuskantar gabas ya san adalcin da ke cikin wannan doka. Yaron da ya saba da dokar gauraye, ranar da ya je gasa alƙali ne zai koya masa da usur, a gaban jama'a.

Na san abin da dattawa za su ce: shigar 'yan wasan yashi da ake gani a talabijin ba tamu ba ce. Gaskiyarsu. Amma tun 2012 hukumar wasan ta duniya ta yarda a sa riga mai dogon hannu da wando, kuma a Rio a 2016 'yar Masar Doaa Elghobashy da hijabinta ta buga.

Kada kuma a ce mini ba mu da teku. Kaduna ma ba ta da shi, amma yashi aka zuba a dandalin Murtala ana gasar ƙasa a kansa. Shiyyarmu ta ƙwallon raga a Afirka ta haɗa mu da Nijar da Burkina Faso, su ma ba su da gaɓar teku.

Shugabannin ƙananan hukumomin Wurno da Rabah da Goronyo, ranku ya daɗe, ba zaure nake roƙo ba. Ku nemi izinin masu fadama kada a tattake wa wani albasa, a kafa turaku da raga mai tsayin mita 2.43, a kawo alƙali ɗaya da ya san dokar yashi, a haɗa mana gasar garuruwa uku kafin ruwan bana ya sauka.