Tarken Tsarin Hoto: Abin da 'Yan Koyo Ke Yankewa a Hotunan Damba na Yendi

Kamar yadda marubuci ke zaɓen kalmar da zai gabatar da wadda zai jinkirtar a cikin jimla, haka mai ɗaukar hoto ke zaɓen abin da zai shiga hotonsa da wanda zai bari a waje. Wannan zaɓi shi ake nufi da tsarin hoto, kuma shi wannan takarda za ta yi wa tarke, ta hanyar duba irin hotunan da 'yan kallo ke ɗauka da wayoyinsu a bikin Damba na Yendi, mazaunin Ya Na, sarkin Dagwamba.

An zaɓi Yendi da dalili. Bayan kisan Ya Na Yakubu Andani II a watan Maris na 2002, garin ya yi shekaru ba a yi Damba a fada ba, sai a 2019, shekarar da aka naɗa Ya Na Abukari Mahama II. A tsakanin waɗannan shekaru ne waya mai kyamara ta shiga hannun kowa. Ke nan yawancin abin da 'yan baya za su gani na dawowar bikin, hannun 'yan koyo ne ya ɗauka.

Babban aibin waɗannan hotuna shi ne raba mai rawa da makaɗinsa. A rawar Damba, makaɗan Dagwamba da ake kira lunsi sukan fuskanci mutum da gangarsu mai kama da kalangu, su kaɗa masa taken gidansu, sannan ya fito fili. Rawar amsa ce, kiɗan kuwa kira. Amma ɗan koyo, da yake idonsa na kan rigar saƙi da ke buɗewa in mai ita ya juya, sai ya riƙe waya a tsaye, ya sa mai rawa a tsakiya, ya yanke makaɗi, ko ya bar gwiwar hannunsa kawai a gefe. Hoton kan yi kyau a ido, amma ya zama tamkar jimla mai aikatau ba mai aikatawa. Da an kwantar da wayar, an sa makaɗi a ɓari ɗaya, mai rawa a ɗaya ɓarin, da filin da ke tsakaninsu ya ba da labarin. Littattafan koyon hoto na yawan ambaton ƙa'idar kasa hoto uku, wadda John Thomas Smith ya raɗa wa suna a 1797, wato a kauce wa ajiye abu a tsakiya. Ƙa'idar tana da amfani a nan, ba don ta fito daga littafi ba, sai don tana tilasta wa mai ɗauka ya samar wa mutum na biyu wuri.

Aibi na biyu ya shafi ladabi. Sarakunan Dagwamba a kan buzu suke zama, mai gaisuwa kuwa durƙusawa yake yi. Wanda ya miƙa waya sama da kawunan jama'a ya ɗauki sarki daga bisa, ya samo hoton da sarki ya ƙanƙance, laimarsa ta rufe masa fuska. Ba da niyya ya yi ba, cunkoso ne ya sa, amma hoto ba ya faɗin niyya. Mai ɗaukar da ya rusuna daidai da masu gaisuwa shi ke samun abin da mahalarta suka gani.

Batun haske kuwa ba a daɗe a kansa. Da tsakar rana hula kan jefa inuwa a kan ido, farar riga kuma ta ruɗi kyamara har fuska ta duhunta. Abin lura shi ne Damba na bin watan Rabi'ul Awwal, don haka a 2019 ya faɗo a Nuwamba, bakin hunturu, a 2024 kuwa a Satumba, cikin damina. Dabarar da ta yi aiki cikin hazo ba lallai ta yi a ƙarƙashin hadari ba.

Sai dai bai kamata tarke ya zama jerin laifuffuka ba. Tun a 1910 Rudolf Fisch, likitan Mishan Basel, ya ratsa Yendi da kyamararsa, shi ma ba hoto ne sana'arsa ba. Hotunan Turawan wancan zamani galibi jera mutane suke yi a gaban kyamara, kowa a sandare, mai ɗauka yana can waje. Hoton ɗan gari na yau, duk da karkacewarsa da kan wani da ya tokare gaba, daga cikin taro aka ɗauke shi. Wannan kan da malamin hoto zai ce a yanke, sau da yawa shi ne shaidar cewa filin fadar Gbewaa ya sake cika da mutane.