Taikogirafi ta yi araha, amma a kan wane dutse aka gwada ta?

Idan ka taɓa zuwa Riruwai a ƙaramar hukumar Doguwa, ka san labarin haƙar kuza. Dutsen wurin ba kuza kaɗai ya ƙunsa ba, akwai tutiya da kolumbayit. Mai son ganin yadda atam ɗin irin wannan dutse suka jeru, sai ya nemi maikiroskof na ilektiron mai na'urar gyara gani, kuma kuɗinsa miliyoyin dala ne.

Taikogirafi ta zo da wata dabara. Ana haska samfur da siririn hasken ilektiron, ɗigo bayan ɗigo, kowanne yana hawa kan gefen na kusa da shi, kyamara kuma tana ɗaukar yadda ilektiron suka watse. Sai kwamfuta ta yi cinke, ta gwada da abin da aka auna, ta gyara, ta sake, har lissafi ya zauna. Wato hoton da kake gani lissafa shi aka yi. Walter Hoppe ya kawo tunanin tun 1969.

A 2018 masana a Jami'ar Cornell ta Amurka suka kai angistirom 0.39, alhali milimita ɗaya angistirom miliyan 10 ne. A 2024 ayarin Pinshane Huang a Jami'ar Illinois ya kai 0.44 ba tare da na'urar gyaran nan mai tsada ba. Aiki ne babba, ba na musu.

Inda nake da ja shi ne maganar araha. Abin da suka gwada sinadari ne tsaftatacce, falle biyu kacal. Dutsen Riruwai kuwa, ko an fere shi, yana da kauri da gauraye, ilektiron zai yi ta karo a ciki. Dole a yanka samfurin falle-falle a cikin lissafi, aiki ya ninka. Ga nauyin bayanai: ɗigo 256 sau 256 da kyamara mai ido 128 sau 128 ya haura gigabait 4 a ɗauka ɗaya. Manhaja irin py4DSTEM kyauta ce, amma kwamfuta mai ƙarfi da wutar da ba ta ɗaukewa fa?

Abin da ya fi damuna: lissafin da aka gaggauta yana iya tsayawa a kan hoto mai kyan gani wanda ba shi ne gaskiya ba. Don haka idan ka ji an ce sabuwar hanya ta fi sauri, ka tambaya: a kan wace kwamfuta, da samfur mai kaurin nawa, kuma da me aka tabbatar da hoton?