Jinjina Ga Malaman Da Ke Saita Muryoyin Yara

Tun kafin watan Rabi'ul Awwal ya tsaya, malaman Islamiyya a Birnin Kudu da Gwaram sun fara shiri. Bayan La'asar malam zai jera yara, ya ba da baiti, su amsa, ya sake, su sake. Wannan ya cika hanzari, waccan kunya ta shaƙe mata murya, haka zai bi su da haƙuri har numfashinsu ya daidaita. Ranar Maulidi, daɗin Ishiriniya kawai iyaye ke ji, ba su ga makonnin da muryar malam ta dishe ba. A sahun nan yaro ke koyon sauraron na gefensa da tsayuwa gaban jama'a ba fargaba. Malamai, Allah ya saka muku da alheri.