Jinjina ga Sababbin Alƙaluman Birnin Zazzau

A lungunan Kwarbai da Ƙofar Doka akwai 'yan mata da ke rubuta labari a waya bayan sallar isha'i, shafi-shafi, su tura wa masu karatu ta WhatsApp ko Wattpad. Babu wanda ya san sunansu tukuna. Wata ma labarin da ta karanta ne ya tsaya mata a rai, sai ta ɗauki taurarinsa ta sake musu ƙaddara. Ina jinjina musu.

Masu raina wannan su tuna cewa Abubakar Imam matashin malamin makaranta ne a Katsina lokacin da ya aiko da Ruwan Bagaja gasar rubutun da Rupert East ya shirya daga Zariya a 1933. Magana Jari Ce kuwa, da labaran Larabawa da na Turawa ya gina shi, ya sa musu rigar Hausa.

Wahalar sabon shiga babba ce: kuɗin data, rashin wuta, ga masu kwafe aiki su goge sunan mai shi. Duk da haka gobe da daddare marubuciyar za ta saki shafi na gaba, domin mutum goma sun ce suna jira.